Ku Tambaya Mu Amsa: Sabon ɗalibi da zaɓen ɗakin kwana

Tunda sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fara fitowa, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan masauki suke. Ga guda huɗu da muka zaɓa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua. Abokaina sun ce mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki a waje, wai hostel cunkoso ne. Baba kuma ya ce in nemi na cikin makaranta. Wanne ya fi, kuma ta ina ake farawa? Daga wani ɗalibi, Mai'adua.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, bi maganar Baba, aƙalla a wannan shekarar ta farko. Abokanka ba su yi ƙarya ba, cunkoso akwai shi. Amma jami'ar tana bayan garin Katsina ne a kan hanyar Dutsin-Ma, hanyar da Kwalejin Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) da Jami'ar Al-Qalam su ma suke, saboda haka ɗaliban makarantu huɗu ne ke rububin ɗakunan haya na wannan yanki. Na kusa ya yi tsada, mai araha ya yi nisa. Ɗan aji ɗaya kuwa shi ne ya fi kowa yawan darussan haɗaka, irin waɗanda ake cika babban zaure, wasu tun ƙarfe takwas na safe ko kafin nan. Wanda ya kwana cikin makaranta shi ke samun kujerar gaba. Wanda ya tsaya jiran Keke Napep sai ya ƙare a bakin taga yana leƙe.

Kafin ku yanke shawara, ɗauki biro ka yi lissafi. A misali, mu ce zuwa da dawowa naira 500 ne kullum. Kwana biyar a mako, mako talatin na karatu a shekara, ya kama naira 75,000, ban da kuɗin haya. Ɗora kuɗin dillali, kuɗin wuta, kuɗin 'yan garuwa, da katifa da labule da ledar ɗaki da za ku saya. Ka kuma tuna mai gida na shekara yake karɓa, ko ana hutu ko ana yajin aiki hayarka tana tafiya.

Neman na cikin makaranta kuwa a jere yake tafiya, ba a tsallake mataki. Ka karɓi gurbinka a shafin JAMB, ka buga takardar. Ka biya kuɗin amincewa da gurbi, a tantance takardunka, ka biya kuɗin rajista. Sai bayan nan yawancin makarantu ke buɗe maka ƙofar neman gado a shafinsu na intanet. Idan ka samu, ka biya nan take, domin gadon da aka ware ba a biya ba yakan koma hannun wani bayan ɗan wa'adi. Ka buga rasit kwafi uku, ka kai ofishin kula da harkokin ɗalibai a buga hatimi, sannan ka je wurin jami'in hostel a rubuta sunanka a littafi.

Inda aka fi yin tuntuɓe wuri uku ne. Na farko jinkirin rajista: gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma duk da makarantu da dama suna fifita 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe, wanda ya riga shi ke samu. Na biyu shagon kwamfuta: mai shago ya sa lambar wayarsa ko imel ɗinsa a madadin naka, sai sanarwa ta riƙa zuwa masa kai ba ka da labari. Ka tsaya a kansa, ka ga abin da yake rubutawa, kuma kai za ka riƙe kalmar sirrinka. Na uku biyan kuɗi a gurbin da ba shi ba. Idan ta Remita, wato shafin biyan kuɗi na intanet, makarantarka ke karɓa, kowane biya da lambar shaidarsa da ake kira RRR. Ka karanta sunanka da dalilin biyan kafin kuɗi su fita, don gyara kuskure yakan ci makonni.

TAMBAYA: Idan an ba ni damar zaɓen bulo da ɗaki da gado, me zan duba? Yayata ta ce in ɗauki bene na sama don an fi samun iska da shiru. Daga wata ɗaliba, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Ƙanwarmu, ke da kike cikin gari kin yi sa'a, ki je ki gani da idonki kafin ranar zaɓe, gani ya kori ji. Abin da za ki fara tambaya shi ne ruwa, kafin fanka, kafin fenti. Ina rijiyar burtsatsen da ke ba wannan bulo? Da wutar KEDCO ake tura ruwa tanki, ko da janareta, ko da sola? Ƙarfe nawa ake sakinsa, kuma yana hawa sama? Kada ki tsaya ga amsar jami'i kaɗai, ki tambayi 'yar aji biyu ko uku da ta kwana a nan bara, ki kuma murɗa famfon banɗakin bene da hannunki. A gine-gine da yawa famfon sama ya daɗe da bushewa, ruwa a ƙasa ake tara. Jarkar lita 25 idan ta cika nauyinta kilo 25 ne. Wanka da alwala da wanke-wanke da girki za su ci miki jarka guda ko fiye a yini, ban da ranar wanki. Ki auna hawa da ita bene na biyu kowace safiya kafin ki yarda da maganar yayarki.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Ɗakin da ke ƙarƙashin rufi kai tsaye shi ke shan rana yini guda, ya riƙe zafin har tsakar dare, idan babu wuta kuwa fanka ado ce kawai. Haka ɗakin da bangonsa ke kallon yamma: ranar la'asar tana dukansa, ya kwana yana huci. Na ƙasa ya fi sanyi, ga ruwa kusa, amma shi ma da nasa: sauro da danshi da damina, hayaniyar masu wucewa, da saukin zura hannu ta taga a ɗauke waya. Idan ginin hawa uku ne, na tsakiya ya fi mana kwanciya a rai. Idan hawa biyu ne, mu dai na ƙasa za mu ɗauka, muddin ƙarfen taga da ragar sauro suna nan lafiya.

Ki lura da inda taga ke kallo. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa. Tagar da ke wannan ɓangare idan gilashinta ya fashe, a Disamba ƙura ce a kan gado, a Agusta feshin ruwa. Mai asma ko mai yawan mura ta guje ta. Kai, mai asma ko sikila ko wata lalurar ƙafa ma bai kamata ta shiga rububi ba: ta kai takardar likita ofishin harkokin ɗalibai tun da wuri, ta nemi ɗakin ƙasa da gadon ƙasa.

Banɗaki kuma kada ya zama maƙwabcinki na jikin bango, saboda wari da laima da ƙarar bokitai tun asuba. Kada kuma ya yi nisan da za ki ji tsoron fita da dare. Tazarar ɗaki uku ko huɗu ta wadatar. Ki ɗaga kai ki dubi silin: tabon ruwa mai launin ƙasa-ƙasa alamar yoyo ce, ko da kin zo da rani.

Gado mai hawa biyu, kowane hawa da halinsa. Na ƙasa ya fi sauƙin tashi sallar asuba da ajiye akwati a ƙarƙashi, sai dai shi ne kujerar duk baƙuwar da ta shigo. Na sama ba mai zauna miki, amma ya fi zafi, kuma ki tabbata kanki ba zai kai ga fanka ba idan kin zauna. Ki girgiza gadon ki ji ko waldarsa ta saki. Sannan ki haska tocilar waya a kusurwoyin ƙarfen da ɗinkin katifa. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na tawada kashin kuɗin cizo ne. Idan kin gan shi, a fitar da katifar rana, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin ƙarfen, a kai rahoto don a yi feshi. Kada ku zuba fiya-fiya ku rufe ƙofa ku kwanta a ciki. Guba ce da ke kama numfashi, ta kuma sha yin kisa.

TAMBAYA: Ɗana bai samu gado ba. Wani ɗalibi ya ce zai sayar masa da nasa, ko kuma ya raɓa da shi su riƙa kwana tare. Kuɗin da ya faɗa ya ninka na makaranta. In biya? Daga wani uba, Daura.

AMSA: Malam, kada ka biya. Sayar da gado da raɓewa laifi ne a dokar kusan kowace makaranta, kuma idan aka zo bincike sunan mai rasit ne a littafi, ɗanka shi za a fitar da kayansa, wani lokaci har a gurfanar da su biyun gaban kwamitin ladabtarwa. Akwai kuma 'yan damfara da ke sayar da gado ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko su ce suna da hanya a ofis a tura kuɗi asusunsu. Duk kuɗin da ba asusun makaranta ya shiga ba, ba ka da hujjar da za ka bi shi. Yaron ya rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen harkokin ɗalibai, ya haɗa kwafin rasit ɗin rajista, ya nemi a sa shi cikin masu jira. Bayan makonnin farko gadaje kan fito, na waɗanda ba su biya ba ko suka sauya makaranta. Kafin nan ya sauka wurin ɗan'uwa, ko a kama ɗaki da sanin ka.

Raɓewa tana da wata illar da ba a cika kawowa ba. Ɗakin mutum huɗu idan ya koma na takwas, a lokacin zafi da ƙura, nan sanƙarau ke samun hanya. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jiran gari ya waye ba ne, asibitin makaranta za a nufa a daren.

TAMBAYA: Ɗiyata za ta fara karatu a Dutsin-Ma. Idan ba a samu na ciki ba dole sai haya, me za mu duba? Kuma wane kaya zan haɗa mata? Daga wata uwa, Rafindadi.

AMSA: Hajiya, ga 'ya mace sabuwar shiga a yi duk abin da za a iya a samu na ciki. A watan Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kuma daga gidan haya na wajen makaranta aka ɗauke su. Idan hayar ta zama dole, kada a kama gidan da ke ƙarshen unguwa yana kallon daji, komai kyansa da arhansa. A nemi na tsakiyar jama'a, mai katanga da ƙofa ɗaya da ake kullewa, wanda mata zalla ke ciki ko iyali. Mahaifinta ko kawunta ya je da kansa, ya ga gidan da rana, ya sake zagayawa bayan isha'i ya ga hasken layin da irin masu zama a bakinsa. Ya gaisa da mai unguwa, ya gabatar da yarinyar, ya karɓi lambar maƙwabci. A yi yarjejeniya a rubuce da mai gidan kansa, ba dillali kaɗai ba: ranar shiga, ranar fita, wa ke biyan wuta, wa ke gyaran famfo da yashe masai. A tambaya ko akwai tsohon bashin wuta a kan mitar, don sabon ɗan haya ake yanke wa.

Kaya kuwa kada a cika mata mota, wurin ajiyarta loka ɗaya ce da ƙarƙashin gado. Akwati mai kulle, kwaɗo biyu masu kyau, gidan sauro mai magani da igiyar ɗaura shi, bokiti biyu, jarka, buta, zanen gado biyu, bargo saboda hunturu, fitila mai caji, silifas na banɗaki, da katifa idan makaranta ba ta bayarwa. A tambayi faɗin gadon kafin a saya, don katifar gida ba ta shiga gadon hostel. Takardunta na asali ta dawo da su gida da zarar an gama tantancewa, ta riƙe kwafi.

Abin girki a jira sai an karanta dokar hostel ɗin, domin wasu sun hana tukunyar gas, wasu sun hana murhun lantarki, abin da aka kama kuma ƙwacewa ake yi. Dalilin hanin ba ƙeta ba ne. Soket ɗin bango mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000. Murhun lantarki ɗaya yana jan 1,000 zuwa 1,500, hitar dafa ruwa ma kusan haka, dutsen guga ma haka. Idan aka jona biyu ko uku a kan wayar jone mai araha, siririyar wayar ciki ce ke yin zafi, roba ta narke, ga katifar soso a gefe, sai gobara. Yawanci ma an ɗauke wuta ne, aka bar hita a jone aka tafi aji, wuta ta dawo ba kowa a ɗaki. Ki ja mata kunne ta riƙa zare komai daga soket kafin ta fita, ko da wuta ko babu. Idan an yarda da gas, ƙaramar tukunya mai kilo 3 ta ishe ta, a gwada bakinta da ruwan sabulu, in ya yi kumfa tana yoyo, a mayar wa mai ita. Da sanyi kuma kada su shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.

Ranar da za ta shiga, ta zagaya ɗakin tare da jami'ar hostel a rubuta duk abin da ta tarar a lalace, gilashin taga ne, soket ne, ko ƙofar loka, ta ɗauki hotonsu a waya, don kada a ɗora mata kuɗin gyara ranar fita.