Tambaya da Amsa: Ƙanena Ya Samu Gurbin Karatun Likita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da ƙannena. Bana ɗaya daga cikinsu ya samu gurbin karatun likita a Jami'ar Bayero. Na biya kuɗin rajista, amma ya nemi in bar shi ya riƙa zuwa shago da yamma domin ya rage mini nauyi. Shin in yarda? Kuma wane irin tallafi ne zai fi yi masa amfani? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri. Shawarata ita ce kada ka yarda sai a lokacin hutu, domin abin da kuɗinka zai saya wa wannan yaro a zahiri shi ne lokaci, kuma lokacin ne yake shirin mayarwa kasuwa saboda kunyarka.

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne idan komai ya tafi daidai, kuma ba kullum yake tafiya daidai ba, tunda yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Bayan shekarar farko ɗalibi zai shiga karatun sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran da ke cikinsu, sannan ya fuskanci babbar jarrabawar da ke tantance wanda zai wuce zuwa asibiti. Wanda ya faɗi yakan sake zaman jarrabawar, ko ya maimaita shekara, ko ma ya rasa gurbin ɗungurungum. Maimaita shekara guda ya fi duk abin da zai samo maka a shago tsada.

Masu ɗaukar nauyi da dama suna zaton da an biya rajista an gama, alhali ɗawainiyar tana ƙaruwa ne idan aka koma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. A nan zai buƙaci farar riga da abin sauraren ƙirji da littattafai da data, ga kuɗin adaidaita sahu safe da yamma idan bai samu ɗaki kusa ba. Ka kwatanta yaron da ya tsaya tun ƙarfe takwas na safe har bayan azahar yana bin babban likita daga wannan gado zuwa wancan, bai karya ba, ana tambayarsa ciwon mara lafiya a gaban jama'a, shi kuwa yana lissafin ko canjin da ke aljihunsa na abinci ne ko na komawa gida. Saboda haka ƙaramin abu da zai riƙa shiga hannunsa a rana tsayayya kowane wata, ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba, ya fi babban kuɗi da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Kada kuma ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Akwai asusun bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024. Bashin ba shi da ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana iya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma ba a fara biya sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa. Sai ƙanen naka ya tanadi lambobinsa na NIN da BVN da takardar gurbi ta JAMB domin neman bashin. Ya kuma riƙa bibiyar sanarwar Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kano, da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa a hannu, sai dai irin wannan kuɗi a ɗauke shi ƙari, kada a ɗora abincin wata a kansa.

A farkon kowane zango ku zauna da shi ya rubuta maka buƙatunsa a takarda, sannan ka nuna wa kawunnanku da gwaggwanninku, domin wani ba zai iya biyan kuɗin rajista ba amma zai iya ɗaukar kuɗin mota ko littafi guda.