Tashin Hankali da Murɗawar Ciki

Tambaya: Likita, me ya sa da zarar hankalina ya tashi sai cikina ya kama murɗa, zawo ya biyo baya?

Amsa: Malama, bangon hanji na ɗauke da ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, kuma wata doguwar jijiya mai suna bagas ce ke sada su da ƙwaƙwalwa. Idan hankali ya tashi, babban hanji ya kan hanzarta, ruwan ciki bai kai ga tsotsuwa ba sai a fitar da shi. Jijiyoyin nan kuma su ke sa bangon ya fitar da ruwa mai yauƙi da ke tare ƙwayoyin cuta. Damuwar da ta daɗe tana raunana wannan kariya, garkuwar jiki ta harzuƙa, kumburi ya taso. In kin ga jini a bayan gida, ko rama, ko zawon ya haura mako 2, ki garzaya asibiti.