Ni ma man kifin nan aka ce min zai gyara min ido

Ƙanwata, sau uku na karanta tambayarki kafin na iya daidaita hannuna in rubuta miki. Kin ce likita ya leƙa bayan idonki ya ce suga ya fara taɓa shi, sai wata ta ce ki riƙa shan kafson man kifi, omega-3, wai yana gyara ido, kina tambaya ko ki saya ki huta da zaryar asibiti. Wallahi kamar ni na rubuta shekara huɗu da suka wuce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki yi haƙuri da tsawon abin da zan faɗa.

Ni ma abin da aka ce min ke nan: 'yan ɗige-ɗigen jini ne a tantanin bayan ido, wanda suke kira retina, ki kula da suga da hawan jini, ki dawo bayan wata shida. A lokacin gani nake tangaran, ina zura zare a allura ba tabarau. Sai wani da muka taɓa aiki tare, wanda ya koma harkar sayar da magungunan ƙarin lafiya, ya ji labari ya zo har gida. Ya buɗe waya ya nuna min hoton ido an tsaga shi biyu, ya ce, "Yaya, idonki yunwa yake ji. Retina da man DHA aka gina ta, ki ba ta abincinta ta warke da kanta." DHA ɗin nan wani nau'in omega-3 ne da ke cikin man kifi. Ya ce leza, wato hasken da likitoci ke yi wa ido aiki da shi, ƙona ido take yi, allurar ido kuma dabarar cin kuɗi ce. Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙo masa kamawa zai yi. Ni da nake tsoron a taɓa min ido, sai na ji ya faɗi daidai abin da raina ke son ji. Na kama shan kafson, biyu da safe, biyu da dare, wata goma sha huɗu, ban sake taka asibitin ido ba. Har gyatsa nake yi mai ƙarnin kifi ina jin daɗi, wai magani na aiki.

Ranar da abin ya faru, na sunkuya ne in ɗauki murfin biro da ya faɗi. Ina ɗagowa sai na ga wani baƙin zare mai ja-ja yana saukowa a idona na hagu, kamar an ɗiga tawada a kofin ruwa tana bajewa a hankali. Na murza. Na wanke fuska. Na sake murzawa. Kafin rana ta yi tsaka ya zama hayaƙi. 'Yata ta tsaya a gabana, na rufe idon dama da tafin hannu, ban ga fuskarta ba, hasken taga kawai nake gani da wata inuwa tana motsi. Tana cewa "Mama, yatsu nawa na ɗaga?" ina jin muryarta na rawa, na yi mata ƙarya na ce uku. Ko hannun ban gani ba.

Kin san wa na fara kira? Shi. Ba likita ba, shi mai kafson. Ya turo min saƙon murya, har yau yana cikin wayata ban goge ba, yana dariya yana cewa dattin ido ne ke fita, alamar waraka ce, in mayar da su shida a rana. Na kuwa mayar. Kwana tara na ƙara ina zaune da jini a cikin ido. Da na je asibiti na dawo na gaya masa abin da likita ta ce, sai ya ce ai ban kiyaye ƙa'idar sha ba. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Mutumin da ya san 'ya'yana da sunayensu, ya sha zama a kujerar falona! Kwanaki na gan shi a Facebook yana tallar wani na ƙoda, da murmushin nan nasa. An ce in yafe, ina ƙoƙari, amma duk sanda na kasa gane wanda ya gaishe ni ta ɓangaren hagu sai fuskarsa ta faɗo min a rai.

Likitar ba ta yi min faɗa ba, wannan ya fi yi min ciwo. Ta ce suga ya toshe ƙananan jijiyoyin jini, retina ta rasa iskar da take buƙata, sai ta tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su ne suka fashe jinin ya malala cikin ruwan ido mai kauri. Da na dawo a wata shidan nan, da an gan su tun suna tsirowa. Lezar da na guda sai da aka yi min zama uku, allurar ma na sha ta ba adadi. Ba ta da zafin da ake faɗa, ana ɗiga maganin kashe zafi, kafin ki ƙirga goma an gama.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Na zauna na bi abin da idona ɗaya. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a retina, wajen rabin kitsen da ke jikin bakinsu DHA ne, babu wani sashe na jiki da ya kai su tara shi. Shi ke sa fatar ƙwayoyin ta yi laushi, saƙon haske ya wuce da sauri. Kuma kullum suna zubar da tsohon baki suna gina sabo, cikin kamar kwana goma sun sabunta. Jariri ma a watanni ukun ƙarshe na ciki yake tara shi, sannan ya ci gaba da samu a nonon uwa. To DHA bulo ne na ginin ido, ban musa ba. Amma idan bututun ruwa ya fashe a cikin bango, ko tirela guda ta bulo kika jibge a ƙofa yoyon ba zai tsaya ba. Namu ciwon na bututu ne.

An gwada kafson, ba a bar shi a zato ba. A Ingila an bi masu ciwon suga sama da 15,000 wajen shekara bakwai, rabi na shan giram 1 na omega-3 kullum, rabi na shan na bogi, ba a ga bambanci a ciwon idonsu ba. A Amurka, binciken AREDS2 da ya fito a 2013 ya ba mutum sama da 4,000 masu lalacewar tsakiyar retina ta tsufa miligiram 350 na DHA da 650 na EPA, wani nau'in omega-3 ɗin, kullum, shi ma bai rage komai ba. Ko bushewar ido da ake ta yabonsa a kai, a 2018 an gwada shi da man zaitun, suka fito kunnen doki. Wanda ya ɗan faranta min rai na Sifaniya ne, 2016: masu ciwon suga da ke samun aƙalla miligiram 500 a rana ta abinci, wato kifi mai maiƙo kamar sau biyu a mako, sun fi ƙarancin kamuwa da mummunan nau'in ciwon idon da suga ke jawowa da kusan rabi. Sai dai lura aka yi da abin da mutane ke ci, mai cin kifi kuwa sau da yawa yana kula da sauran abubuwa ma. Ni dai abin da na ɗauka, kifi a faranti, sadin ko salmon ko makarel, ba kwalba ba. Omega-3 na tsirrai, irin na 'ya'yan filas, ɗan kaɗan ƙwarai jiki ke iya juyawa ya zama DHA. Kuma kada a ruɗe ki da kwalba mai rubutun omega 3-6-9: omega-9 jiki na yin abinsa, omega-6 kuwa yana nan cike a man girki.

Idan kin ga sai kin sha, ki nuna wa likita kwalbar, musamman in kina kan maganin tsinka jini, don yawansa na iya ƙara zubar jini, kuma an danganta shan mai yawa da rikicewar bugun zuciya. Man hantar kifi daban ne, yana ɗauke da bitamin A, mai ciki ba ta ɗirka shi yadda ta ga dama. Af, ba ki faɗi shekarunki ba. In kina shirin ɗaukar ciki ki gaya wa likitan ido tun yanzu, ciki na iya hanzarta ciwon nan.

Kullum da safe ki rufe ido ɗaya ki kalli gefen ƙofa, ki sake da ɗayan. Ido biyu suna rufa wa juna asiri, shi ya sa muke makara. In layin ya karkace, ko baƙin ɗige-ɗige suka yi yawa farat ɗaya, ko kika ga walƙiya ko wani abu kamar labule ya sauko, ranar za ki tafi, ba gobe ba. Ranar dubawa ki tafi da baƙin tabarau da wanda zai raka ki, maganin buɗe ƙwayar ido na sa rana ta zama azaba na 'yan awanni. Kuma ki samu wanda za ki yi wa kuka. Ni ɓoyewa na yi, mijina sai da ya ga ina zuba ruwa a gefen kofi ya gane.

Idona na hagu ya dawo kamar rabi, da dare kuwa sai a hankali. Na dama lafiya lau, da shi nake rubuto miki. Yaushe likitan ya ce ki koma, kuma nawa gwajin sugarki na wata uku ya nuna? Ki rubuto min, zan leƙo gobe in Allah ya kai mu.