Kalmar "kefi" a bakin Girkawa: daga ina ta fito?

Tambaya: Malam, yayana ya yi aiki a jirgin ruwa tare da Girkawa, kuma ya ce idan ana shagali sukan ce wane yana da "kefi". Mece ce ma'anarta, kuma asalinta na Girkanci ne? Daga mai karatu a Ƙofar Soro, Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta faranta mini rai, domin kalmar tana da dangantaka da abin da kowane almajirin Katsina ya sani. A Girkancin yau, "kefi" na nufin nishaɗi da annashuwa, irin wanda ke taso wa mutum daga zuci a wurin biki har ya miƙe ya taka rawa ba tare da an roƙe shi ba. Idan Bagirke ya ce "den eho kefi", yana nufin ba ya jin walwala, ransa bai so.

Asalinta ba na tsohon Girkanci ba ne. Girkawa sun aro ta daga Turkanci "keyif" a zamanin da Daular Usmaniyya ta Turkawa ke mulkinsu, wadda ta ci birnin Kustantiniya (Istanbul na yau) a 1453, kafin su tayar da yaƙin neman 'yanci a 1821. Su kuma Turkawa daga Larabci suka samo ta, wato "kaif", yanayin rai da jin daɗi, 'yar'uwar "kaifa" ɗin nan da muke ji a gaisuwar "kaifa haluka". A ganina, kalmarmu ta "nishaɗi" ce ta fi kusa da ita.