Amsa ga mai tambaya kan duwatsu masu hawa-hawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya yadda duwatsu masu hawa-hawa da ka gani a hanyar Gombe suka samu, da dalilin da ya sa ba ka ganin irinsu a nan Jos. Na daɗe ina aikin haƙa rijiyar burtsatse, kuma abin da bakin injin ya tono shi ya koya mini yawancin abin da zan faɗa.

Irin waɗannan duwatsu daga tarkace suka samu. Ruwan sama da rana da iska suna cin tsohon dutse har ya marmashe, kogi ya kwashi ɓarɓashin ya zube shi a kwari ko tafki ko gindin teku, wani ya zo ya kwanta a kansa, nauyin na sama ya danne na ƙasa, sannan sinadaran da ke cikin ruwa su liƙe ƙwayoyin kamar yadda siminti ke kama yashi. Wannan aiki na miliyoyin shekaru ne, shi ya sa kake ganin layi bisa layi kamar an jera tabarmi.

Wanda na fi so a sana'ata shi ne dutsen yashi, domin tsakanin ƙwayoyinsa akwai ƙananan kafofi da ruwa ke zama, kuma idan ka goga shi da yatsa za ka ji kaushi, wani lokaci har yashi ya zubo. Tsaunin Bima da ke jihar Gombe irinsa ne. Kishiyarsa shi ne dutsen laka, wanda ya samu daga taɓo mai laushi da ya kwanta a ruwa marar gudu; yana ɓarewa falle-falle, kuma ba ya barin ruwa ya ratsa shi. Na taɓa kwana uku ina haƙa cikinsa, injin na fito da laka mai ruwan toka, mai rijiyar yana ta zargin mun cuce shi, sai da muka huda shi muka faɗa yashin da ke ƙarƙashi sannan ruwa ya taso. A wasu sassan Borno, inda laka ta rufe yashi ta matse ruwan, rijiya kan yi tsartuwa da kanta ba tare da famfo ba.

Dutsen farar ƙasa kuwa yawanci daga ɓawon halittun teku ya taru. Mutane kan yi mamaki idan aka ce teku ya taɓa shiga kwarin Binuwai kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, bayan Afirka ta fara rabuwa da Kudancin Amurka, amma shaidar tana nan: farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka da Gboko. Ta Kalambaina a Sakkwato ma daga wani tsohon teku ta fito. Idan ka daka dutsen farar ƙasa ka ɗiga ruwan lemun tsami, za ka ga yana ɗan kumfa. Kwal shi ma ɗan gidan ne, daga itatuwan fadama da suka binnu, kamar wanda aka gano a Inugu a 1909.

Jos dabam take. Tsaunukan Shere giranit ne, wato narkakken dutse da ya huce a cikin ƙasa, don haka ba shi da layi, kuma ruwa sai a tsagoginsa ko a ruɓaɓɓen samansa, abin da ke sa rijiyar maƙwabcinka ta kawo ruwa taka ta ƙi. Kada marmara ta ruɗe ka, ita dutse ce da ya ruɓe a inda yake. Amma ka leƙa bakin tsohon ramin kuza a wajen Bukur: tsakuwa da yashi da laka da rafuka suka jera, waɗanda kuzar ta kwanta a ƙasansu saboda nauyinta, su ne tarkacen da bai kai ga zama dutse ba tukuna.