Amsoshin Tambayoyinku: Mayar da Hiace ɗakin kwana don kashtar hunturu

Marba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi a Saudiyya, na shigowa a farkon Disamba, saƙonni kuma sun koma na sanyi da kashta, wato fita daji shaƙatawa da kwana. Na zaɓi guda huɗu da suka taɓa abu ɗaya: motar fasinja da ake son kwana a cikinta a arewacin Saudiyya.

Tambaya daga Madina: Assalamu alaikum Baba. Ina da Hiace mai dogon rufi, ta fetur, da sunana take. Ina so in kai iyali, ni da maiɗakina da yara uku, Tabuk da Jabal al-Lawz a hutun makaranta su ga dusar ƙanƙara. Na tara riyal 8,000. Wani mai warsha (gareji) a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ce zai cire kujerun duka, ya yi min gado da kabad da kicin, ya huda rufi ya sa fanka. In ba shi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ba shi.

Motarka tana zaune a Madina, inda zafi ke cin mafi yawan shekara. Sanyin da kake shirya wa ba zai wuce darare kaɗan ba. In ka bari aka ɗaure mata kabad da kicin, ka kashe motar aiki da hidimar gida saboda mako ɗaya, ranar da za ka sayar kuma mai saye a haraj, kasuwar tsofaffin motoci, kujeru zai fara ƙirgawa. Ga doka: laifi ne a canza jikin mota ba tare da izinin Murur (hukumar kula da zirga-zirgar motoci) ba, istimara (takardar rajistar mota) kuma ta rubuta adadin mutanen da motar ke ɗauka. Ranar fahas (binciken lafiyar mota) ko ranar da, Allah Ya kiyaye, aka yi hatsari kamfanin inshora ya leƙa ciki, a nan maganar za ta taso. Huda rufi shi ne abin da ba ya komawa, don haka ka cire shi daga lissafi.

Sannan ku biyar ne. Daga Madina zuwa Tabuk kusan kilomita 700 ne, kuma duk tsawon hanyar nan kowane yaro sai ya zauna a kujera mai bel. Gado ba wurin zama ba ne in mota na gudu. Ka bar layukan gaba yadda suke, ka kwance na baya kawai, ka zuba bol da notinsu a leda ka rubuta wa kowanne wurinsa. Ramukan da suka rage a daɓe ka mayar da bol ɗin ka toshe su, in ba haka ba ta nan ƙura da hayaƙin salansa za su shigo.

Gadon, kafinta ya yi maka dandamali na katako gida biyu ko uku, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa su fitar, a ɗaure shi a waɗancan ramukan na kujeru don kada birki ya wurgo shi gaba. Tsayinsa ya isa akwatunan roba su shige ƙasa, amma kada ya yi tudun da in ka zauna kanka zai bugi rufi. Hiace ba za ta kwantar da mutum biyar a sake ba. Uwa da yara a mota, kai da babban a tanti gefenta da farwa (alkyabbar sanyi mai gashi a ciki) da jakar barci, ko ka haɗa kujerun tsakiya wa ƙaramin.

Inda na fi so ka sa hankali shi ne gilashi. Bambancin motar fasinja da ta kaya ke nan: taga ta zagaye ta, kuma ta nan ɗumi ya fi tserewa. Masu warsha sun fi son su ɓamɓare bangon ciki su cusa abin tare sanyi, don a nan kuɗin aiki yake, alhali gilasan na nan tsirara. Ka yanka wa kowace taga murfi daidai bakinta, har da gilashin gaba: soso mai ƙyalli irin na kare rana, a ɗinke shi da yadi mai kauri, ya shige ya zauna daram. Tela ma zai yi maka in ka kai masa awo a kwali. Da bazara su ne za su tare maka rana a Madina, ka ga kuɗin bai tafi a banza ba. Bayan kujerar direba ka rataya bargo mai nauyi daga sama har ƙasa, ka rage faɗin wurin da ake ɗumamawa. Daɓe kuma ƙarfe ne, yana jan ɗumin jiki: shimfiɗa soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, ka ɗora katako, ka ɗora darduma.

In ka matsa sai ka sa wani abu a bango, to baƙin soson roba irin wanda masu AC ke naɗe bututu da shi, ba audugar gilashi ba. Dalili shi ne raɓa. Mutane na numfashi dare guda a akwatin ƙarfe, da asuba za ka tarar ruwa na gangarowa a gilashi yana taruwa a robar taga, ƙasan katifa ya yi laima. Audugar gilashi tana riƙe wannan ruwan a jikin ƙarfe, tsatsa ta ci motar ta ciki ba ka sani ba. Maganin raɓa iska ce: ka sassauta tagogi biyu kamar faɗin yatsa, ko da ana ta ƙorafin sanyi.

Sauran kuɗin hita da batir ne, ga bayaninsu a ƙasa. Hiace kuma tayoyin baya ke ja, ba motar rairayi ba ce. Ka tsaya inda ƙasa ke da tauri, kada ka bi masu Land Cruiser. Kada ka kwana a cikin kwari komai kyansa, ruwan da aka yi a dutse mai nisa yana iya sauko maka da dare. Dusar ƙanƙarar kuwa ba alkawari ba ce. Jabal al-Lawz ya haura mita 2,500, amma tana sauka ne kwanaki ƙalilan ta narke, don haka ka bi hasashen yanayi, kada ka yi wa yara rantsuwa.

Tambaya daga Jidda: Malam, maigidana ya ce sayen hitar mota ɓarnar kuɗi ne. Wai ko mu shigar da kaskon gawayi in wutar ta lafa, ko hitar gas ta gida, ko a bar injin a kunne har safe. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, hankalinki ya fi nasa gaskiya a nan, ki karanta masa wannan da ladabi. Dukkan ukun hanya ɗaya suke kashewa. Gawayi, ko ya yi ja babu hayaƙi, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi ninki sama da 200. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri. Mai barci ba ya jin komai. Duk hunturu Difa' Madani, hukumar kashe gobara da ceto, na jan kunne a kan wannan. Hitar gas a rufaffen wuri tana cinye iskar da kuke shaƙa, ga shi kowane kilo na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin motar. Injin a kunne kuma, iska ta juya ko salansa na da ɗan huji, hayaƙin ƙasan mota ciki zai dawo.

Abin da ya dace shi ne hitar dizal ta mota, irin ta manyan tireloli. Wutarta a rufe take cikin tukunyarta: tana jan iskar ƙonawa daga waje, ta fitar da hayaƙi waje, fanka kuma ta hura iskar cikin mota a bayan tukunyar. Webasto da Eberspächer su ne na asali, na Jamus, masu tsada. Na Sin sun cika kasuwa da araha kuma suna aiki, sai dai a canza musu maɗaurin bututu da mai kyau, a duba kowane mahaɗi. Akwai wadda ke zuwa a akwati ɗaya da tankinta, a ajiye ta a waje a shigo da bututun ɗumi ta taga. Ga mai fita sau ɗaya ko biyu a shekara ita na fi so, don ba a huda komai, kuma ko motar ta fetur ce babu ruwanta.

Mai shago zai tura muku mai kilowat 5. Ku nemi mai kilowat 2. Babbar ta yi wa cikin Hiace yawa, za ku riƙa barinta a ƙaramar wuta, ƙaramar wuta kuma ita ke tara mata baƙin toka har ta ƙi tashi. Ƙaramar ba ta wuce rubu'in lita a awa. In za ku hau tudu irin Jabal al-Lawz ko Sauda ta Abha, ku tambayi wadda ake iya saita wa tsayin wuri, saboda iskar sama ba ta da kauri, man sai ya yi mata yawa. Kada a kashe ta ta hanyar zare waya. A danna makashinta a bar fanka ta huce da kanta.

Ko da wannan hitar, ku sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir, ku maƙala ta kusa da inda kawuna suke. In ta yi kuka, kowa waje, ƙofofi a buɗe. Lambar Hilal Ahmar (masu motar asibiti) 997, ta Difa' Madani 998. Ku kuma tafi da shimfiɗar da za ta riƙe ku ko hita ta mutu tsakar dare. A Janairun 2008 Ha'il ta ga digiri 10 ƙasa da sifili, mutumin Jidda kuwa digiri 15 ma jaket yake nema.

Gawayin maigida na nan da amfaninsa a waje, wajen shayi da gashi. Ya sayi wanda aka shigo da shi daga ƙetare, don itace da gawayin cikin ƙasa an hana, jami'an tsaron muhalli na cin tara a kai.

Tambaya daga Makka: Yaya, batirin motar ba zai isa hita da cajin waya ba? Ko in sa sola?

Ƙanena, kada ka taɓa batirin tada mota. Hitar na jan kamar amfiya 10 lokacin tashi, ta koma ɗaya zuwa biyu, dare guda ya isa ya bar ka da makulli a hannu inda ba mai tura ka. Ka sayi batir na biyu. Na lithiyam ya fi sauƙin ɗauka da daɗewa, amma yana da sharaɗi biyu: ba a yi masa caji in sanyi ya kai ƙasa da sifili, sannan zafin motar da aka rufe a ranar Makka yana cinye masa kwana. Saboda haka ka ɗauki wanda ake ɗagawa da hannu, ya kwana tare da ku a ciki, in an dawo ya koma ɗaki. Ka duba ko mafitarsa ta bolt 12 tana jure jan da hita ke yi lokacin tashi, don wasu kashe kansu suke. Sola ba dole ba ce in kullum za ka yi tafiya, motar za ta yi masa caji a hanya.

Rishon gwangwani da ake yi wa kashta butan ne a ciki, shi kuma yana daina tashi in sanyi ya kusa sifili. Ka kwana da gwangwanin cikin jakar kaya a mota, girkin kuma a waje.

Tambaya daga Riyad: Da iƙama (takardar izinin zaman baƙi) nake zaune. In sayi tsohuwar Hiace ko Hyundai H1 don wannan?

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka tabbatar a Murur cewa za a yi maka istimararta. Ana taƙaita wa masu iƙama mallakar motoci masu kujeru da yawa, sai wanda ya nuna yana da iyali masu yawa. In kashtar sau ɗaya ce a shekara, motar da kake da ita da tanti mai kyau da farwa biyu sun fi maka arha nesa ba kusa ba. In kuma an ba ka izini, ka kai ta a duba kafin ka biya, ka sa makanike ya ɗaga ta ya bi salansa daga inji har wutsiya, ya ɗaga dardumar daɓe ya nemi tsatsa, musamman in motar Jidda ce ko Dammam da ta sha iskar teku.