Malam ina raka masu kallon tsuntsaye a Dagona, kuɗin da nake samu halal ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan ƙasar Bade ne a jihar Yobe, in sanyi ya shigo nakan raka baƙi da ɗaliban jami'a cikin fadamar Dagona suna kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa suna ƙirgawa suna rubutawa, ana ɗan sallamata. Baffana yace aikin banza ne na Turawa, wai ƙato da kai kana bin tsuntsu, kuɗin ma ba albarka. Sannan akwai masu shiga da raga cikin dare suna kwasar tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya, in na faɗawa ma'aikatan gandun dajin na zama annamimi kenan?

AMSA: Wa alaikumus salam warahmatullah. Toh ɗana, aikinka halal ne kuɗinka halal ne, ka ci ka ciyar da iyalinka. Ijara ce, kasan hanya kasan inda tsuntsun yake kwana, su basu sani ba, suka biya ka ladan jagora, ba wani abu a ciki da shari'a ta hana.

Kallon ma kansa ai Allah ne ya fara cewa a kalla. A suratul Mulk aya ta 19 yace shin basu ga tsuntsaye a samansu ba suna buɗe fukafukai suna naɗewa, ba mai riƙe da su sai Mai rahama. A An'am aya ta 38 kuma yace duk dabbar dake ƙasa da tsuntsun dake tashi da fukafukansa al'ummomi ne irinku. Kai da kake Dagona ka fi ni ganin tafsirin ayar nan, ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya taso tun daga Turai ya ƙetaro Bahar Rum ya ƙetaro Sahara ya sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, in zafi ya fara ya juya, wani ma da zobe a ƙafarsa wanda aka sa masa a can, ba taswira ba guzuri, waye ya nuna masa hanya? In kayi subhanallahi a nan kaga ka haɗa lada da kuɗin cefane.

Amma kar ka raina maganar baffa, tana da asali ko da shi bai kawo maka ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yaga wani yana bin tattabara sai yace shaiɗan ne yake bin shaiɗaniya. Malamai sun ɗauke shi akan wanda wasan ya cinye, ba sallah ba sana'a. Don haka in asuba ta kama ku a bakin ruwa, tunda nasan da sassafe ake fita, ka tsaya kayi sallarka akan lokaci baƙi su jira, kuma ka kiyayi keɓewa da macen da ba muharramarka ba a daji. Shi kuma baffa lallaɓa shi zakayi, in ka samu ka kai masa goro, ba a yiwa babba gardama da aya.

Batun masu raga. Farauta a asalinta halal ce, a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa ta halatta. Sai dai shugaba yana da ikon keɓe wuri don maslahar jama'a, shine ake kira hima, Annabi (SAW) ya keɓe filin kiwo na Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza. Dagona tana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, hukuma ta hana farauta a ciki, toh bin wannan dokar wajibi ne tunda ba saɓon Allah aka ce ayi ba. Balle raga da take kwashe uwa da 'ya'ya, wanda ake ci da wanda ba a ci. Sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a hanyar tafiya, uwar tazo tana ta karkaɗa fukafukai, Annabi (SAW) yace wa ya tayar mata da hankali akan 'ya'yanta, ku mayar mata. Biyu fa kawai.

Kuma mun ga abinda ya samu ungulu, da ko wace mahauta ka je gasu nan birjik, yanzu yaran birni da yawa sai a hoto, an ƙarar da su wajen neman kai da ƙafa don tsibbu.

Annamimanci shine ɗaukar magana daga wannan ka kai wa wancan don ka ɓata tsakani. Kai wa ma'aikaci labarin ɓarnar da aka ɗora masa hanawa ba shi bane. Amma ni dai shawarata in ka san mutanen ka fara yi musu nasiha a ɓoye, mafi yawansu talauci ne, in sun ƙi sai ka faɗa, abinda idonka ya gani kawai, banda ƙari banda zato, kuma kar ya zama don kuna da wata jiƙaƙƙiya ne a gari. In kana tsoron su cutar da kai ka bi ta wajen mai unguwa ko lawani.

Kar kuma wani ya karanta wannan yace Malam ya hana manomi kare gonarsa. Jan baki da suke kwana cikin kacalla su faɗa wa shinkafa da gero kamar hayaƙi, korarsu da kashe su ya halatta saboda cuta ake turewa, sai dai masu feshin maganin kashe su su lura da ruwan da mutane da shanu suke sha da kifin dake ciki. Wallahu a'alam.